Wata huɗu ina Tanti a Birnin Ƙonni

 Na san makon jiya na yi alkawarin yau za mu ƙarasa maganar tsara lokacin karatu kafin jarrabawa. Ku yi mini afuwa, na ɗaga ta zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wata ƙanwarmu ce 'yar aji biyar ta aiko mini da tambaya, ta ce, "Yaya, ke kin taɓa zuwa ƙasar waje kuwa?" Tun da na karanta tambayar nan fuskokin wasu yara ke ta yi mini gizo, na ga idan ban ba ku labarinsu ba, ba zan iya rubuta wani abin kirki ba.

Amsar ita ce e, na taɓa. Amma kada ku hango jirgin sama da akwati mai taya. Ƙasar wajen tawa, kuɗin motar zuwanta daga garinmu Sanyinna bai kai na zuwa Kano ba.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin nan da bai ƙare ba sai watan Oktoba, wata takwas cur. Lokacin ina shekarar farko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ina karanta tsimi da tanadi. Ko hanyoyin makarantar ban gama sani ba aka ce kowa ya kama gabansa. Na tattara na koma gida. Makon farko daɗi kamar me, ga furar Inna ga barcin hantsi. Kafin mako na uku zaman ya ishe ni, har ƙannena suka fara kai ƙarata wai na cika faɗa.

Ana cikin haka sai Gwaggo ta kira Baba a waya. Ƙanwarsa ce, ta fi shekara ashirin da aure a Birnin Ƙonni, jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, kuma malama ce a wata 'yar makarantar ƙananan yara, irin wadda mu ke kira nazare, su kuma su ce jardan. Mataimakiyarta ta tafi wankan jego, ga yara sun yi mata yawa. Ta faɗi gaskiya tun farko: babu albashi, sai abinci da wurin kwana da sabulu. Baba ya yi jim, ya ce zai yi shawara. Inna ce ta sa baki ta ce gara na je na yi abin lada da in zauna ina ƙirga azarar ɗaki.

A farkon Maris na kama hanya. Daga Sanyinna zuwa Sakkwato, daga nan na hau motar Illela, muka wuce Kware da Gwadabawa. A Illela na hau kabu-kabu, kafin in gama gyara zama an ce ga Nijar. Na yi ta waige-waige ina neman ƙasar wajen. Ƙasa dai irin tamu, dogon yaro irin namu, mata da tallan fura irin namu. Abin da ya canza bai wuce tuta ba, sai rubutun Faransanci a alluna, sai jandarma, sai wani dogon burodi mai kama da taɓarya. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne Hausar. A jami'a ƙawayena Kanawa kullum cikin tsokanata suke, in na ce "mi kika ce" ko "lahiya lau" su kwashe da dariya. A Ƙonni kowa haka yake magana, har da mai labarai a rediyo. Na ce ashe dai ni na zo gida.

Wannan tunanin bai kwana biyu ba.

Makarantar ɗaki biyu ce na bulo da kwano, ga wata rumfar zana a tsakar fili mai inuwa da iska, amma ba a sa yaro ko ɗaya a ciki. Da zafi ya tsananta na tambayi Gwaggo me zai hana mu fito da su rumfar. Ta dube ni ta ce ko kusa. A watan Afrilun 2021 gobara ta tashi a wata makaranta mai azuzuwan zana a Yamai, yara kimanin ashirin suka rasu, yawancinsu 'yan jardan. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, nan ma yara fiye da ashirin. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana sa 'yan jardan a azuzuwan zana. Don haka muke cushe a ɗaki da yara 37, gumi na zuba, ƙofa kuma kullum a buɗe take, ba a yarda ko jaka ta tare ta ba. Ban sake kawo maganar rumfa ba.

Ranar farko da na shiga ajin, suka miƙe gaba ɗaya suka haɗa baki: "Bonjur Tanti!" Ni kuwa bakina ya riga tunanina, na ce musu "Gud monin." Aka yi tsit, sannan wani ya fara ƙyalƙyala, sai ajin duka ya ɗauka. Gwaggo ta yi musu bayani cewa ni daga Najeriya nake, can Turancin Ingila ake yi. Daga ranar sunana ya zama Tanti Najeriya. Har iyayensu haka suke kirana a kasuwa.

Ba zan faɗi sunayen yaran ba, don ban nemi izinin iyayensu ba. Zan kira su da laƙabin da na sa musu a raina.

Akwai wadda nake kira Hajiya. Shekararta biyar, gajeruwa, kitsonta kullum sabo, kuma tana tafiya kamar ita ta gina makarantar. Ita ke raba alli, ita ke sanar da wanda ya ci abincinsa kafin lokacin tara, ita ke rarrashin mai kuka, in ya ƙi yin shiru ta yi masa tsawa. Tun ranar farko ta lura ban san komai ba, sai ta ɗauke ni a matsayin ɗalibarta. In na ce a ɗauko biro, ta ce, "Tanti, wanga ba biro na ba, bik na." Littafin rubutu kaye ne. Allon hannu ardwaz. Makarantar kanta lakwal. Ƙirga kuwa, sai da ta tsayar da ni a bakin ƙofa na maimaita an, de, turwa, katur, senk har sai da ta gamsu. Abin da ya gagare ni shi ne wani wasali na Faransanci da ake rubutawa kamar namu u, amma faɗarsa sai ka tsuke baki kamar za ka yi fito. Hajiya ta kama leɓɓana da 'yan yatsunta masu maiƙon ƙosai tana murɗawa, tana cewa, "Hakanga za ki yi." Har na baro Ƙonni ban iya ba, kuma ba ta yafe mini wannan ba.

Amma kunyar da ta fi kowace ita ce ta kuɗi. Gwaggo ta ba ni sulalla ta ce in sayo fanke a bakin makaranta. Mai fanke ta ce dala ashirin. Na shiga jujjuya kuɗin a tafin hannuna ina neman mai lamba 20, babu. Ga masu 25, ga masu 50, ga mai 100. Na tsaya zuru, ni da nake karanta tsimi da tanadi a jami'a. Hajiya ta zo ta ɗage ƙafa, ta zari mai 100 ta miƙa wa matar, ta juya ta tafi ba ta ce mini uffan ba. Da yamma Gwaggo ta warware mini: a can ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai, da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Wato lambar da ke jikin kuɗin sai ka raba ta gida biyar kafin ka faɗi sunanta da Hausa. Mai 25 dala biyar, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin. Takardar 1,000 kuwa dala ɗari biyu ce, ita suke kira jika, kamar yadda mu ke kiran naira 200 jaka. Ku da kuke kukan lissafi, ku sani akwai 'yar shekara biyar da ke raba lamba gida biyar a ka kowace safiya, kuma ba ta san lissafi take yi ba. In kun isa ku gwada: sefa 375 dala nawa ce?

Sai Sarkin Tambaya. Siriri ne, kansa ya ɗan fi ƙarfin wuyansa, kuma bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Me ya sa akuya ba ta zuwa lakwal? Wa ya kitsa wa masara gashi? In mutum ya haɗiye ƙwallon mangwaro, ta ina iccen zai fito? Da azumi ya kama a watan Afrilu, ya zo da safe ya tsaya gabana ya ce, "Tanti, watan da munka gani jiya, namu na ko naku na?" Na ce wata ai ɗaya ne, na kowa da kowa ne. Ya yi shiru yana nazari, sannan ya ce, "To in kin tahi gida ki bar muna shi." Na yi masa alkawari. Shi ne kuma ya fi kowa cika bakin yana azumi. Kullum da safe zai sanar da aji cewa yau ya ɗauka, ƙarfe goma na yi sai ka gan shi a bayan randa yana goge baki. In aka yi magana ya ce ai ya ajiye ne, in ya huta zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Akwai wasu tagwaye mata da ban taɓa iya bambance su ba, kuma sun gane haka, don haka kowace takan karɓi rabon alewa sau biyu. Akwai wani mai barci a tsaye. Akwai wadda ba ta yarda ta zauna sai ta cire takalma ta rungume su, don an taɓa sace mata wasu. In na biye wa labarinsu shafin nan ba zai ishe mu ba.

Wanda nake so ku sani shi ne yaron lungu. Bai wuce shekara huɗu ba. Yana zama a ƙarshen bencin baya, jikin bango, da wata shuɗiyar riga da ta yi masa yawa. Ba ya kuka, ba ya dariya, ba ya faɗa da kowa. In an ce a ɗaga ardwaz, kowa ya ɗaga tasa sama a ga abin da ya zana, shi tasa tana kan cinya. Na ɗauka taurin kai ne.

A mako na biyu na yi abin da har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Na ce ya ɗaga, bai ɗaga ba. Na sake faɗa, ko motsi. Sai na yi abin da na taso na ga ana yi mana: na ɗauki tsumagiya na fyaɗa a kan bencin da ke gabansa da ƙarfi. Ban taɓa shi ba. Amma kafin in ɗaga hannu ya shige ƙarƙashin benci ya dunƙule, ya toshe kunnuwa, jikinsa na ɓari, fitsari na bin ƙafarsa. Ajin ya yi tsit. Hajiya ta kalle ni wani irin kallo da ban manta ba.

Gwaggo ba ta ce mini komai a gaban yara ba. Ta janyo shi a hankali, ta wanke shi, ta goya shi a bayanta, ta ci gaba da darasi da shi a goye. Sai da dare, bayan mun yi sallar isha'i, ta kira ni tsakar gida ta ce, "Ɗiyata, yaron nan ya ji ƙarar da ta fi ta tsumagiyarki." Ashe ɗan jiharmu ne. Daga wani ƙauye suke ta wajen Sabon Birni, cikin dubban mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka koro zuwa jihar Tawa a ƙarshen 2021. Uwarsa ce matar da ke share makarantar tana cika randuna, wadda kullum nake gaisawa da ita ban taɓa tambayarta daga ina take ba. Ita da shi kaɗai suka iso Ƙonni wurin wata 'yar'uwarta. Gwaggo ce ta ce ta riƙa shigo da shi aji ba sai ta biya ko dala ba. Tun da ya zo a watan Janairu, ba wanda ya ji muryarsa a makarantar. Maganar ubansa kuwa, Gwaggo ta ce kada in tambaya, ban kuma tambaya ba.

Washegari na karya tsumagiyar na jefa a murhu. Na nemi uwarsa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ai ban sani ba. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na fara lura da abubuwan da da ban gani ba. In babur ɗaya ya wuce ba ya damuwa. Amma ranar da 'yan rakiyar ango suka wuce a jere da babura suna ta hon, sauran yara suka ruga taga suna tsalle, shi kuwa ya koma ƙarƙashin benci. Na bi shi can na zauna a ƙasa kusa da shi, ban ce komai ba, har ƙarar ta yi nisa. Haka na riƙa yi. Lokacin tara in kai masa ruwa in zauna gefensa ina 'yan zane-zane a ardwaz ɗinsa, kaza ko mota, in goge in sake. Wata rana ya karɓi allin ya ƙara wa kazar ƙafa ta uku. Magana dai babu.

Bayan ƙaramar Sallah, cikin watan Mayu, wata uwa ta zo ganin Gwaggo, sai ta bar ni da aji ta ce in bi da su haruffan da ke kan babban allo. Na ɗauki alli na nuna na farko. Maimakon in ce a, be, se yadda suke faɗa, sabo ya ja ni na ce, "Ei, bi, si." Aji ya kaure da dariya. Hajiya ta miƙe tana buga ƙafa: "A, be, se na, Tanti!" Cikin wannan hayaniyar na ji wata siririyar murya daga bencin baya ta ce, "Di."

Na ɗauka kunnena ne. Na juya, idonsa na kan allo. Na daure ban ruga wurinsa ba, don na san in na yi haka zai koma cikin ƙoƙonsa. Na nuna harafi na gaba na ce, "I." Ya ce, "Ef." Na yi shiru. Ya ce, "Ji." A nan ya tsaya, iyakar abin da ya sani ke nan. Yaran duk sun juya suna kallonsa baki buɗe. Sarkin Tambaya ne ya fara magana, ya ce, "Ashe shina da murya!"

Da aka tashi na gaya wa uwarsa. Ta jingina tsintsiyarta da bango ta zauna a bakin randa. Ta ce yana da ya, 'yar aji biyu a firamaren ƙauyensu, wadda ta saba in ta dawo ta zaunar da shi ta yi ta biya masa haruffa tana wasan malama. A gudun da aka yi, yarinyar ta bi kakarsu, suna can gida wurin dangi. Wata biyar ke nan rabonsa da jin wani ya faɗi haruffan nan yadda take faɗa.

Kada ku zaci daga ranar ya zama aku. Washegari bai ce komai ba, jibi ma haka. Sai a hankali kalmomi suka fara fitowa ɗai-ɗai, ruwa, alli, fitsari. Kuma duk ajin shi kaɗai ne bai taɓa ce mini Tanti ba. Anti yake cewa, irin na gida. In ya faɗa sai in ji kamar ƙanina ne ke kirana daga zaure a Sanyinna.

Na daɗe ina juya abin nan a raina, kuma ga abin da na gano. Ni kaina a Ƙonni na ɗanɗana irin zamansa. Akwai ranar da aka yi taron malamai, awa biyu ana zuba Faransanci, ana dariya ina murmushin yaƙe, aka tambaye ni ra'ayina na sunkuyar da kai. Duk wanda ya gan ni a wurin zai rantse daƙiƙiya ce. A wurin na tuna ajinmu na ɗaya a firamare, muna rera jimlolin Turanci da ƙarfi ba mu san ko me suke nufi ba, wanda ya kasa a ce ba ya ja. Na tuna wasu 'yan ajinmu da suka yi shiru tun daga lokacin har suka bar makaranta, alhali a dandali su ne gwanayen tatsuniya da kacici-kacici. Da yawa daga cikinku kun san irinsu, wataƙila ma wani mai karanta wannan shafi yana cikinsu. Ni dai yanzu ba na saurin cewa yaro ba shi da ƙwaƙwalwa don kawai ya yi shiru a aji.

Dabarar Gwaggo mai sauƙi ce. Ba ta fara jefa wa yaro kalmar Faransanci. Za ta ɗauko abin, mangwaro ne ko ludayi, su yi hirarsa da Hausa har kowa ya sa baki, sannan ta ce to ga sunansa a lakwal. Yaro ya riga ya riƙe abin a hannu kafin a ba shi baƙon sunan. A nan gida ma, a ƙarshen Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, shi ya sanar. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai abin tambaya a lokacin shi ne ko akwai littattafan da malaman da za su yi aikin. Wani abin da ya burge ni kuma, a littattafan Hausa na Nijar harafin da mu ke rubutawa 'y, kamar a 'ya'ya, su da ƙugiya suke rubuta shi, ƴ, kamar yadda ake yi wa ɗ da ƙ. Ni a ganina nasu ya fi tsari.

Dogon hutu na tafe. Ba sai kun ƙetare iyaka ba, kusan kowace unguwa akwai Islamiyya mai ajin ƙanana ko nazare da malama ɗaya ke fama da yara arba'in. Ku nemi izinin iyaye, ku je ku ce kun zo taimako, ko na mako biyu ne. In kun je, ku durƙusa daidai tsayinsu in za ku yi musu magana, ku haddace sunayensu tun makon farko, ku bar tsumagiya a waje. Kuma ku sa ido a bencin baya.

A ƙarshen Yuni aka rufe makaranta, ruwa ya fara sauka, ni ma Baba ya ce in dawo. An ce baƙo raɓa ne. Ranar sallama aka yi 'yar walima da shinkafa da lemo, iyaye suka zo. Hajiya ta zo ta buɗe tafin hannuna ta sa mini dala biyar, ta ce in sayi fanke a hanya, kuma in lura kada a cuce ni a canji. Wani ya kawo mini albasa guda, ƙatuwa, irin jar nan ta Galmi, wai uwarsa ba ta sani ba. Sarkin Tambaya ya tuna mini alkawarin wata. Yaron lungu bai kawo komai ba. Ya kama gefen hijabina ya riƙe tun daga ƙofar aji har bakin titi, sai da uwarsa ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. A kan kabu-kabu na yi kukana har Illela, mai babur yana ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Na yi niyyar komawa da wuri, amma da aka janye yajin aiki karatu ya taso mu gaba ba hutun kirki. Na sa ran hutun 2023. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka, Ƙonnin da ke nan kusa ta koma kamar bayan duniya. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Bayan ƙaramar Sallah na shirya na tafi, da leda cike da alewa da fensira.

Yaro man kaza ne. Yawancinsu sun manta da ni sarai. Sarkin Tambaya da na gamu da shi a hanya ya ɓuya a bayan uwarsa yana leƙena, ko tambaya ɗaya bai yi mini ba. Raina ya ɗan sosu, na kuma yi wa kaina dariya, me nake tsammani daga wanda rabin rayuwarsa ta wuce tun rabuwarmu? Hajiya kuwa tana aji biyu na firamare, wanda suke kira Se-Pe, haƙoranta na gaba sun fita. Gwaggo ta aika aka kira ta. Ta tsaya a ƙofa ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, sannan ta tsuke baki ta faɗi wasalin nan, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta girgiza kai ta ce, "Har yanzu."

Na tambayi Gwaggo yaron lungu. Ta ce ya ƙara shekara guda a wurinta, har ya kai yana faɗa da yara a kan alli, ya iya a, be, se ɗinsa har ƙarshe. Kafin a rufe iyaka da 'yan makonni uwarsa ta zo ta yi sallama, ta ce ta samu labarin kakar da yarinyar sun koma cikin garin Sakkwato, za ta bi su. Ba ta da waya, ba ta kuma faɗi unguwa ba.

Wato shekara guda ke nan muna gari ɗaya da shi ban sani ba. Yanzu ya kai shekara shida. Duk ranar da na shiga cikin gari daga jami'a, in na ci karo da 'yan firamare sun taso, sai in ce wa mai Keke Napep ya ɗan rage gudu.

Mako mai zuwa mu koma kan jadawalin karatu. Wanda ya samo amsar sefa 375 ya aiko.